JINKIRIN SHARI'A DA HAƘƘIN MAI ƘARA

'Yan'uwa, darasinmu na wannan mako ya taso ne daga wata shari'ar gona da na sani a yankin Ɗansoshiya, ƙasar Ƙiru. Damina huɗu ana ɗage ta. Kafin a kai ga sauraron shaidu, dattawa biyu da suka san iyakar gonar sun riga mu gidan gaskiya, na ukun kuwa tsufa ya taɓa tunaninsa. Alƙali ya yi hukunci da abin da ya rage a gabansa, amma kowa a garin ya san hujjar mai ƙara tana cikin kabari.

To, a nan illar take. Alƙali ba ya sanin gaibu, da zahirin hujja yake hukunci, kamar yadda hadisin Ummu Salama, Allah Ya yarda da ita, ya nuna a cikin Buhari da Muslim. Hujja kuwa tana tsufa. Shaidu su mutu ko su manta, takarda ta ɓace, a yi wa alƙali canjin wurin aiki a koma farko. Talakan da yake biyan kuɗin mota daga Doguwa ko Tudun Wada zuwa Kano don ɗaukaka ƙara shi ne zai fara gajiya, ya haƙura da haƙƙinsa, sai a ce wai an yi sulhu. Ni ban kira wannan sulhu ba.

Malamanmu na Malikiyya ba su bar ajali sakaka ba. Ibnu Asim, alƙalin Garnaɗa wanda ya rasu a shekarar 829 bayan Hijira, ya ƙayyade shi a cikin Tuhfatul Hukkam, littafin da alƙalanmu suke karantawa. Wanda ya nemi lokacin kawo shaidu a kan abin da ba ƙasa ba ne, a ba shi kwana 8, sannan 6, sannan 4, sannan 3 na ƙarshe waɗanda ake kira talawwumi, jimla kwana 21. Idan gona ce ko gida ko gado, kwana 30. Idan shaidun suna nesa, iyakarsa wata 3. Ajali ya cika bai zo da kome ba, sai alƙali ya yi masa i'izari, wato ya tambaye shi ko da sauran hujja, sannan ya zartar. Ku duba, ba a hana tsanaki ba, gaggawa ma zalunci ce. Abin da aka hana shi ne ɗagewa marar iyaka.

Dokar ƙasa ma ta ɗanɗana wannan. Shari'ar filin nan ta Legas, Ariori da Elemo, an shigar da ita a 1960, ba a yanke ba sai 1975, fiye da shekara guda bayan kammala sauraro. A 1983 Kotun Ƙoli ta rushe hukuncin ta ce a sake daga farko, domin alƙalin da ya yi wannan jinkiri ba zai iya tuna yanayin shaidun ba. Sashe na 294 na Tsarin Mulkin 1999 ya wajabta wa manyan kotuna yanke hukunci cikin kwana 90 bayan jawaban ƙarshe. Sai dai sashen ya ƙayyade ƙarshen shari'a ne kawai, shekarun da ake ɓatawa kafin a kai ga jawaban nan bai ƙidaya su ba, kuma a cikinsu ne shaidun gonar Ɗansoshiya suka rasu.