Yadda Ake Zaɓen Gilashin Kyamara Don Hoton Mutum Idan Kuɗi Ba Su da Yawa

Gilashin kyamara, wanda masu sana'ar hoto suka fi kira lens, shi ne bututun da ake ɗaurawa a gaban kyamara domin ya tattara haske ya aza shi a kan sensa, wato farantin da ke ɗaukar hoton a ciki. Kyamarori masu sauƙin kuɗi da yawa suna zuwa ne da gilashi mai zuƙowa daga milimita 18 zuwa 55, kuma duk da cewa yana biyan bukatar mai koyo, gazawarsa takan bayyana da zarar an fara ɗaukar fuskokin mutane a ɗaki mai ƙarancin haske. Matsalar ba sabuwa ba ce, domin tun a shekarar 1840 Joseph Petzval, masanin lissafi a birnin Biyana, ya tsara gilashi na musamman don hoton mutum, saboda gilasan lokacin ba sa shigar da isasshen haske, abin da ke tilasta wa mutum zama na dogon lokaci ba tare da motsi ba.

Matakin farko ba a kasuwa yake ba, a wurin aiki yake. Mai hoto zai auna tazarar da yake samu tsakaninsa da wanda yake ɗauka, saboda wannan tazara ce ke tsara kamannin fuska a hoto, ba gilashin kansa ba. Idan kyamara ta matso kusa ƙwarai, hanci yakan yi girma, kunnuwa su ƙanƙance, alhali idan aka ja da baya kamar mita biyu, sassan fuskar sukan daidaita yadda ido ya saba ganinsu. Aikin tsawon gilashi, wato lambar milimitar da aka rubuta a jikinsa, shi ne ya cika hoton da fuska daga wannan nisa mai kyau, kuma dalilin da ya sa ake yabon tsawon 85 zuwa 135 a hoton kai da kafaɗa ke nan. Wanda ke da gilashi mai zuƙowa yana da hanya mai sauƙi ta gane bukatarsa: kowane hoto yana ajiye bayanin tsawon da aka ɗauke shi da shi, don haka idan ya duba ayyukansa da suka fi gamsar da shi, ya ga kusan duka a 55 suka tsaya, to alama ce cewa gilashi mai tsawo yake nema.

Daga nan sai a duba girman sensa, kuma a nan ne masu saye da yawa ke asarar kuɗinsu. Cikakkiyar sensa tana da faɗin milimita 36 da tsayin 24, amma ƙananan kyamarori suna ɗauke da wadda ake kira APS-C, wadda ke yanke gefen hoton, ta yadda ake ninka tsawon gilashi da 1.5 a Nikon da Sony da Fujifilm, ko da 1.6 a Canon, kafin a san faɗin abin da zai kama. Ta wannan lissafi, gilashin 50 a ƙaramar sensa yana aiki kamar 75 ko 80, wato ya riga ya zama gilashin fuska, yayin da 85 ke komawa kusan 130. Domin ɗaukar mutum a tsaye daga kai har ƙafa da gilashin 85 a irin wannan kyamara, ana bukatar tazarar kimanin mita 7, da 50 kuwa kimanin mita 4, da 35 kimanin mita 3. Ƙaramin shagon hoto ko falon da ake kamun amarya ba kasafai yake ba da mita bakwai ba, saboda haka gilashin da ya yi suna a wurin masu cikakkiyar sensa yana iya zama kayan ajiya a hannun mai ƙarama.

Abu na uku shi ne ƙofar haske, wato ramin da ke buɗewa da tsukewa a cikin gilashi kamar ƙwayar ido, wanda ake nuna girmansa da harafin f da lamba, kuma ƙanƙantar lambar ita ce faɗin ƙofar. Gilashin da ke zuwa da kyamara ba ya wuce f/5.6 idan an zuƙo shi zuwa 55, shi kuwa tsayayyen gilashi, wanda ba ya zuƙowa, mai tsawon 50 da f/1.8, yana shigar da haske kusan ninki goma na wancan, sannan yana dusashe abin da ke bayan mutum har fuskar ta fito ita kaɗai. Wannan tsalle shi ne mafi girma da kuɗi kaɗan ke iya saye, kuma misalansa sanannu ne: Canon EF 50mm f/1.8 STM na shekarar 2015 da Nikon AF-S 50mm f/1.8G na 2011. Bayan wannan tsalle ribar takan ragu matuƙa, domin tsakanin f/1.8 da f/1.4 ƙarin hasken bai kai ninki biyu ba, alhali farashin kan ninka. Bugu da ƙari, faɗaɗa ƙofa yana rage zurfin wurin da ke fita tas: gilashin 85 a f/1.8 daga nisan mita ɗaya da rabi yana ba da zurfin kimanin santimita 3 kacal a cikakkiyar sensa, ta yadda ido ɗaya zai fito ɗayan ya dusashe idan mutum ya ɗan karkata. Saboda haka ƙwararru sukan tsuke ƙofar zuwa f/2.8 ga mutum ɗaya, zuwa f/5.6 ko fiye ga jama'a masu sahu biyu, kuma ba hikima ba ce a biya kuɗin ƙofar da ba za a riƙa buɗewa ba.

Kafin a miƙa kuɗi wajibi ne a tabbatar da mahaɗi, wato bakin da gilashi ke shiga jikin kyamara, tunda kowane kamfani da nasa. Nikon ya fito da mahaɗin F a 1959, Canon ya fito da EF a 1987, sannan dukansu suka kawo sababbi, Z da RF, a 2018 don kyamarori marasa madubi. Wannan sauyi ya amfani mai ƙaramin ƙarfi, domin masu komawa sabon tsari suna sayar da tsofaffin gilasansu, waɗanda har a sababbin kyamarorin suna aiki ta hanyar adafta. Sai dai akwai tarko ɗaya da ya kamata a sani: Nikon AF 50mm f/1.8D ba shi da injin saita kansa, ya dogara ne da na jikin kyamara, wanda kyamarorin Nikon na jerin D3000 da D5000 ba su da shi, don haka a kansu sai da hannu ake saita shi. Kamfanonin Sigma da Tamron da Samyang da Viltrox da Yongnuo ma suna yin gilasai don wasu daga cikin waɗannan mahaɗai, galibi a farashi mai rahusa.

Idan na hannu za a saya, dubawa ta fi ciniki muhimmanci. Ana cire murafu biyun, a haska fitila ta ciki, a nemi zare-zaren fumfuna mai kama da saƙar gizo, wadda danshi ke haifarwa kuma take cin rufin gilashin, da kuma hazo mai kashe kaifin launi. Duk gilashin da ke da ɗayansu an fi so a bar shi. 'Yar ƙura a ciki ba ta cika bayyana a hoto ba, kuma ƙarzuwa a gilashin baya ta fi ta gaba lahani. Sai a duba ganyayyakin ƙofar haske ko akwai maiƙo a kansu, a ɗaura gilashin a kyamarar mai saye da kanta, a ɗauki bango mai rubutu da ƙofa a buɗe, a gwada kusurwoyi huɗun, saboda idan gefe ɗaya ya fi ɗaya dusashewa, mai yiwuwa gilashin ya taɓa faɗuwa.

Ga mai ƙaramar sensa, tsarin da ya fi dacewa shi ne ya fara da 50, ya riƙe mai zuƙowar don hoton taro, ya ƙara 35 idan ɗakinsa ƙarami ne. Mai cikakkiya kuma ya fara da 50 ya bi da 85. Abin da ya rage na kuɗi ya fi amfani a faifan mayar da haske, da hular gilashi mai tare hasken gefe, da akwati mai rufewa ruf tare da ƙullin sinadarin tsotse danshi, wanda zai kare gilasan daga laimar damina da ƙurar hunturu.