Daimon Iri Uku

Jama'a, kowa ya dubi fensirin da ke hannunsa. Baƙin abin nan da ke cikinsa, wanda ke yin rubutu, asalinsa ɗaya da gawayi. To, dutsen nan mai tsada da ake kira daimon, watau lu'ulu'u, shi ma asalinsu ɗaya. Abin da ya bambanta su shi ne wurin da daimon ya samu. Yana samuwa can ƙarƙashin ƙasa, zurfin kamar mil 100, inda zafi da nauyin ƙasa suka matse shi shekaru aru-aru. Saboda haka babu wani dutse da ake haƙowa wanda ya kai shi tauri.

Daimon iri uku ne: na ado, da na aiki, da na haɗi.

Na ado shi ne garai-garai kamar ruwan sama, ba tabo, ba tsaga. Gwanaye ke yanka shi su goge, sa'an nan a sa shi a zobe ko sarƙa. Ana auna shi da wani ma'auni da ake kira karat. Karat 5 su ne giram 1. A shekarar 1905 aka tsinci wani a Afirka ta Kudu mai nauyin karat 3,106. Aka yanka shi, manyan gutsattsarinsa suna cikin kayan sarautar Ingila.

Na aiki kuwa ba shi da kyan gani. Wani baƙi-baƙi ne, wani toka-toka, wani kuma ƙanana ne kamar yashi. Kuɗinsa kaɗan ne, amma taurinsa daidai yake da na ado. Shi ake dasawa a bakin abin yankan gilashi, da zarton yankan dutse, da injin da masu neman ma'adini ke huda dutse da shi. Garinsa kuma da shi ake goge daimon na ado, gama ba abin da ke cin daimon kamar ɗan'uwansa. Kun ga ashe mummunan shi ke gyara kyakkyawan.

A ƙasar Gana an gano daimon a shekarar 1919, kusa da kogin Birim. Garin Akwatiya ya yi suna saboda shi, Hausawa da yawa sun je can neman abinci. Amma yawancin daimon na wurin ƙanana ne, irin na aiki. A Saliyo kuwa an gano shi a 1930, can an fi samun na ado.

Na haɗi shi ne wanda mutane suka yi da hannunsu. A shekarar 1954 masanan kamfanin General Electric a Amurka suka sa wannan sinadari na gawayi cikin inji, suka matse shi da zafi mai tsanani, sai ya zama daimon. Kada ku ce jabu ne. Daimon ne sosai, taurinsa ɗaya da na ƙasa. Abin da ya ɗauki shekaru a ƙarƙashin ƙasa, inji kan yi shi cikin 'yan kwanaki ko makonni. Yanzu kusan dukan daimon da ake aiki da shi a masana'antu na haɗi ne, ƙasar Sin ce ta fi kowa yin sa. Har na ado ma ana haɗawa, ya kuwa fi na ƙasa araha ƙwarai. Ido ba ya rarrabe su, sai da na'ura.

To, ga abin lura. Wata rana baƙo zai iya zuwa kasuwarku da ɗan dutse mai walƙiya ƙulle a tsumma, ya ce daimon ne, buƙata ce ta sa zai sayar da araha. Kada ka sayar da sanka ko gonarka ka saya. Kama da wane ba ta wane. Watakila fasasshiyar kwalba ce. Ko da daimon ne, watakila na aiki ne, wanda ba zai mayar maka da kuɗinka ba.

Waɗansu kan ce a karce gilashi da shi a gani. Wannan bai isa shaida ba, don akwai fararen duwatsu da yawa masu karce gilashi. Waɗansu kuma kan ce a buga masa guduma. Wannan kuskure ne babba, gama daimon na gaske ma yakan fashe in an buge shi. Sai wanda ya koyi aikin, yana kuma da kayan awo, shi ke iya faɗin gaskiyar dutse. Rashin sani ya fi dare duhu.

Tambayoyi

1. Daimon iri nawa ne? Faɗi sunayensu.
2. Wane aiki ake yi da daimon na aiki?
3. Karat nawa ne giram 1?
4. Don me ba a gwada daimon da guduma?
5. Rubuta wannan a littafinka: Kama da wane ba ta wane.