Ɗana Ya Shekara Biyu Bai Fara Magana Ba

Wata mai sauraronmu daga Lafiya a jihar Nasarawa ta ce ɗanta ya wuce shekara biyu, “mama” kaɗai yake iya faɗi, dangi kuma suna ta cewa ta bari bakinsa zai buɗe. Ina za ta kai shi?

To, Malama, kada ki jira. Yawancin yara ’yan shekara 2 suna da kalmomi kusan 50, suna kuma haɗa biyu, kamar “ba ni”. Ki fara da sashen yara na babban asibitin Lafiya da a da ake kira Asibitin Dalhatu Araf, ki nemi a gwada jinsa, ko da yana waigowa in an kira shi. Ruwan da ke taruwa a kunne, sanƙarau, da shawara mai tsanani lokacin jego duk suna iya rage ji, yaron da ba ya ji sosai kuwa da wuya ya kwaikwayi magana. Likita zai kuma duba ko yana haɗa ido da mutane, yana nuna abu da yatsa, saboda galahanga.

Jin Hausa da Eggon ko Alago a gida ɗaya ba ya hana yaro magana. Don Allah kada a kai shi wurin wanzami.

Batun makaranta kuwa, akwai ta masu buƙata ta musamman a Lafiya, wadda gwamnatin Tanko Al-Makura ta gina, aka buɗe a 2018. Ki je da takardar likita, ki tambayi shekarun ɗaukar yara. Kafin nan, ki rage masa kallon waya, ki riƙa yi masa hira kina ambaton sunan duk abin da ya taɓa.

Allah Ya buɗe bakinsa.