Yaya Ƙarfe Ya Zama Sufakwandakta?

TAMBAYA: A aji an koya mana cewa maganaɗisu yana rushe sufakwandakta, wato abin da lantarki ke ratsawa ba tare da turjiya ba. Sai ga shi na ji ana maganar sufakwandakta da aka haɗa da ƙarfe, alhali ƙarfe ne tushen maganaɗisu. Yaya abin yake? Allah Ya ƙara basira.
Ɗalibin fiziks, daga Zariya

AMSA: Amin, tare da kai. Abin da malamanka suka faɗa gaskiya ne. Kowane ilektiron ɗan ƙaramin maganaɗisu ne mai fuska. Bayanin da Bardeen da Cooper da Schrieffer suka bayar a 1957 ya nuna cewa a cikin sufakwandakta ilektiron suna tafiya bibbiyu, kowanne yana fuskantar kishiyar abokinsa. Maganaɗisu irin mai kama ƙusa kuwa tilasta musu yake yi su fuskanci waje ɗaya, sai haɗin ya watse. Shi ya sa aka daɗe ana gudun ƙarfe a wannan bincike.

Duniyar kimiyya ta girgiza a 2008, lokacin da ayarin Hideo Hosono a Tokyo, Japan, suka haɗa lantanom da ƙarfe da asenik da iskar oksijin, suka ɗan sa sinadarin fulorin, turjiya ta ɓace a sanyin Kelvin 26. Kafin shekarar ta ƙare masana a ƙasar Sin sun kai Kelvin 55 da suka sa samariyom a gurbin lantanom.

Sirrin yana cikin yadda zarrar ƙarfen ke jeruwa. A cikin waɗannan sinadarai suna shimfiɗe ne hawa-hawa, kuma idan sanyi ya yi tsanani sai su tsaru layi-layi kamar kunyoyin gona: wannan layin ya fuskanci gabas, na kusa da shi ya fuskanci yamma. Ƙarfinsu yana soke juna, don haka sinadarin ba ya kama ƙusa. A haɗin bariyom da ƙarfe da asenik, wannan tsari yana kankama a wajen Kelvin 140. Idan aka sa potasiyom a gurbin wani kaso na bariyom, tsarin ya raunana, sai sufakwandakta ya bayyana, har zuwa Kelvin 38. To, kula da wannan sosai: a daidai inda tsarin maganaɗisu ke gab da rushewa, nan ne sufakwandakta ya fi ƙarfi. Masana da yawa suna ganin cewa kaɗawar maganaɗisun da ta rage bayan tsarin ya narke ita ce take ɗaure ilektiron bibbiyu.

Akwai tsari na biyu da ake kira nematik. Shimfiɗar ƙarfen tana da kusurwa huɗu daidai wa daida, ya kamata tsawo da faɗi su zama ɗaya ga lantarki. Amma tun kafin layukan maganaɗisu su bayyana, ilektiron sukan zaɓi ɓangare guda. A 2010 masu bincike a Jami'ar Stanford ta Amurka sun auna, suka tarar turjiya ta wannan gefe ta bambanta ƙwarai da ta wancan, fiye da yadda ɗan karkacewar zarra zai iya jawowa.

Haɗin ƙarfe da seleniyom shi ne ya zafafa muhawara kan asalin nematik. Yana shiga halin nematik a Kelvin 90, ya zama sufakwandakta a wajen Kelvin 8, amma layukan maganaɗisu ba sa fitowa sai an matse shi da ƙarfi, kuma matsin yana ɗaga matakin da yake zama sufakwandakta zuwa wajen Kelvin 37. Wasu masana sun ce maganaɗisu ne ke haifar da nematik, wasu sun ce daga gidajen da ilektiron ke zama kewaye da zarrar ƙarfe yake fitowa.

Wannan muhawara tana da amfani a aikace, domin sinadaran suna jure maganaɗisu mai tsananin ƙarfi, kuma a 2016 an ƙera wayarsu mai tsawon mita 100 a ƙasar Sin. Shawarata gare ka, ɗana, ka riƙe darasin fiziks na daskararrun abubuwa da kyau. Duk wanda ya warware alaƙar waɗannan tsare-tsare uku, wato layukan maganaɗisu da nematik da sufakwandakta, ya buɗe hanyar ƙera waya marar asarar lantarki da gangan, maimakon a yi ta lalube.