Darasi: Yadda Za Mu Koya wa Ɗalibanmu Rubutun Bincike

'Yan uwa malamai mata, darasinmu na wannan fitowa ya shafi kundin bincike, wato firojet ɗin da ɗaliba ke rubutawa a shekarar ƙarshe ta kwalejin ilimi ko jami'a. Sau da yawa yarinya za ta yi karatunta lafiya lau, amma da an zo kan firojet sai ta rasa inda za ta kama. Ƙarshenta ta nufi shagon kwamfuta a buga mata aikin wani, a sauya suna kawai. In an kama ta, wahalar shekaru ta tashi a banza. In ba a kama ta ba, ta fita da takardar da ba ta cancanta ba. Laifin kuwa ba nata ne ita kaɗai ba, har da mu da ba mu koya mata ba.

Na farko, a taya ta taƙaita batu. "Ilimin mata a Arewa" kogi ne, ba ya shiga tulu. Amma idan ta ce za ta duba yadda Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo (1793–1864) ta tsara 'Yan Taru, da yadda jajoji ke kai karatu ga matan ƙauyuka, to ta samu abin riƙewa.

Na biyu, a nuna mata inda ake samo bayani. A wannan misali akwai littafin da Jean Boyd da Beverly Mack suka fitar a 1997, wanda ya tattara rubuce-rubucen Nana Asma'u. Akwai kuma Arewa House a Kaduna da cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato. Kada a manta da tsofaffi. Ta yi hira da su, ta rubuta suna da wuri da rana. Abin da ta gani a intanet kuwa, sai ta bi asalinsa kafin ta ɗauka.

Na uku, kuma shi ne ƙashin bayan darasin: kowace magana a danganta ta ga mai ita. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Imamu Bukhari, wanda ya rasu a shekara ta 256 bayan Hijira, ya shafe kimanin shekara 16 yana tace Sahihinsa, yana bin isnadi mutum bayan mutum. Don haka sunan marubuci da shekara da lambar shafi amana ce, ba ado ba.

Na huɗu, kada a jira ta kawo kundin dungurungum. Galibi babi 5 ne: gabatarwa, bitar ayyukan magabata, hanyoyin bincike, nazarin bayanai, sai kammalawa. A karɓi babi ɗaya, a gyara tare da ita, sannan ta wuce gaba.

Aikin gida gare ki, malama: a wannan zangon, ko a sakandare kike ko a Islamiyya, ki sa kowace ɗaliba ta rubuta shafi 2 kan tarihin makarantarku, da madogara 3, ɗaya daga ciki hira da dattijuwa. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya sa mu riƙe amanarsa. Amin.