DARASI: Shuka bado a tafkin kifi ko a tsakar gida

Yau zan yi magana a kan bado, wannan mai farin fure da ke shimfiɗa ganye a kan ruwa a fadamun Hadejia. Mu a nan Jahun ba ma ɗaukarsa abin shukawa, don kowa ya san shi a kududdufi. Amma ni ina shuka shi, saboda inuwar da yake yi wa kifi lokacin zafin Maris da Afrilu.

Bado ba ya buƙatar sabon iri kowace shekara. Yana da saiwa mai kama da gwaza da ke kwanciya cikin laka, ko ruwa ya ƙafe tana nan da rai, damina na sauka ta tsiro. Ita za ka tono bayan ruwa ya janye.

Ka da ka kawo shi da ganyensa kai tsaye cikin tafkinka. Ƙananan katantanwa masu ɗauke da cutar tsargiya suna manne a ƙarƙashin ganyen, har da ƙwansu. Yanke ganyen duka, wanke saiwar tas, ka ajiye ta a wani baho daban na sati 2 kana dubawa. Wannan shi ne wurin da ban yarda a yi gaggawa ba, domin yaranka ne za su shiga ruwan nan.

Shukar kuwa mai sauƙi ce. Cika tsohon baho da laka mai danƙo, binne saiwar ka bar kanta a waje, ka jera tsakuwa a sama don tarwaɗa na son tono. Nutsa bahon a zurfin kamar rabin mita, inda rana ke bugawa sosai. Kashin kaji ɗanye kar ya shiga ciki, ruwan kifin ya ishe shi taki.

Me ya sa baho? Don ka iya ɗaga shi ranar kamun kifi, in ba haka ba koma ta sarƙe. Kuma yana hana shi bazuwa. Duk wanda ya ga yadda kacala ta toshe hanyoyin ruwa a Kogin Hadejia ya san abin da nake gudu. Kar ganye ya rufe fiye da kashi 1 cikin 3 na saman ruwa, kuma ka riƙa tsinke wanda ya yi ruwan ɗorawa kafin ya ruɓe ya cinye wa kifi iska.

Mai tankin siminti ko tamfol cike da tarwaɗa, a gaskiya bado ba naka ba ne, yawan canjin ruwa zai wahalar da shi. Sa shi a rabin duro a tsakar gida, da 'yan ƙarfasa biyu su cinye tsutsar sauro. Furen da dare yake buɗewa, hantsi na ɗagawa ya rufe, don haka da sassafe za ka leƙa.