Amsoshin Tambayoyinku: Shasin Tsohuwar Motar Kakana Nake Son Tayarwa

Tambaya: Ni ɗan koyo ne a wani gareji a Rano, amma gidanmu yana ƙasar Kibiya. A bayan gidan marigayi kakana akwai shasin wata tsohuwar mota, babu bodi, sai aksul biyu da injin da sandar sitiyari a hannun dama. Wasu dattawa sun ce Fijo ce, wasu sun ce Land Rover. 'Yan gwangwan sun taya, ni kuwa so nake in tayar da ita. Yaya zan gane ko wace iri ce, kuma aikin bai fi ƙarfina ba?

Amsa: Allah ya jiƙan kakanka. Kada ka kwance ko noti ɗaya tukuna, domin ƙarfen nan yana ɗauke da shaidarsa, kuma gaggawar kwancewa ce ke ɓatar da ita.

Gardamar dattawa ba za ta yi tsawo ba. Peugeot 404 da 504 na shiga, waɗanda kamfanin PAN na Kakuri a Kaduna ya riƙa haɗawa tun daga 1975, ba su da shasi daban. Bodin ne ke ɗauke da komai, in ya tafi motar ta tafi. Idan abin da ke gabanka dogayen ƙarafa biyu ne da wasu suka gitta su kamar tsani, ga sifirin mai ganye a gaba da baya, ga kuma farfela biyu, ɗaya zuwa aksul na gaba ɗaya zuwa na baya, to zancen masu cewa Land Rover ya fi ƙarfi. Ɓacewar bodin ma tana goyon bayansu: na Land Rover alminiyum ne, masu narka tukwane kuwa ba sa ganinsa su wuce.

Sai ka ɗauko tef ka auna daga tsakiyar tayar gaba zuwa tsakiyar ta baya. Land Rover na farko da aka fitar a Ingila a 1948 inci 80 ne. Daga 1956 aka koma inci 88 ga gajeruwa, 109 ga doguwa, kuma haka aka tafi har aka daina samfurin Series III a 1985. Lambar shasi kuwa yawanci tana buge a kan ƙarfen da ke riƙe da sifirin na gaba, ɓangaren dama. Ka wanke wurin da kananzir da buroshin waya, a hankali. Kada ka bari a sa injin gurza, lambar ba ta da zurfi, minti ɗaya ya isa a share ta. In ta yi dishi-dishi, goga alli ka haska tocila ta gefe, ka ɗauki hoto. Gidan tarihin motoci na Gaydon a Ingila yana ajiye da rajistar masana'antar, kuma da wannan lamba ana iya gano lokacin da aka ƙera motar.

Sitiyarin dama da ka ambata ya ja hankalina. Najeriya ta bar tuƙi a hannun hagu ta koma dama ranar 2 ga Afrilu, 1972, saboda haka akwai kyakkyawan zato motar ta riga wannan rana shigowa, zamanin En'e da dalar gyaɗa. Zato ne dai, lamba ce mai yanke hukunci. Yana da amfani ka san shekarar, domin kafin 1967 wayar batir ta fozitif ake ɗaurawa a jikin ƙarfe, akasin abin da ka saba gani a gareji. Notukanta ma na inci ne, sufanun milimita za su cinye musu kai.

Kafin kuɗi su fita daga aljihunka, akwai maganar da ta fi walda nauyi. Wannan ƙarfe gado ne. Yau ba wanda ya damu da shi, amma ranar da ya tashi yana tafiya kowa zai tuna da rabonsa. Ka tara magada, a yi masa kuɗi, ka saya ko a bar maka a rubuce, da shaidu da sa hannun dagaci ko mai unguwa. Ka kuma binciki tsofaffin takardun motar a akwatunan marigayin, za su sauƙaƙa maka rajista daga baya.

Yanzu lafiyar shasin. Busasshiyar iskarmu tana tausaya wa ƙarfe, sai dai shasin Land Rover rufaffen bututu ne mai kusurwa huɗu, laka da ruwan damina suna kwanciya a ciki su ci shi ta inda ido ba ya gani. Bi shi da ƙaramar guduma taku-taku. Inda ya yi ƙara tangaran, lafiya. Inda ya amsa dum, tsatsa ta gama da wurin. Ƙarfen da ya gitta can baya da 'yan hannuwan da ke tallafe bodi su ne suka fi ruɓewa, kuma mai walda na kirki zai yanke ya sa sabo. Abin tsoro shi ne karkacewa. Ɗora shi a daidaitaccen daɓe, ka auna daga kusurwar gaba ta dama zuwa ta baya ta hagu, sannan ka auna ɗaya giccin. In awon biyu ya saɓa sosai, motar ta taɓa shan mummunan karo, kuma a ganina ɗan koyo bai kamata ya fara da irin wannan ba. Gara ka cire aksul da giyabos da injin ka adana, ka nemi wani shasin.

In ya miƙe, aikin bai fi ƙarfinka ba. Na ma fi so maka shi a kan motar zamani, don babu kwamfuta a ciki, komai ido na gani hannu na kaiwa. Ɗauki hoton kowane abu kafin ka cire, notukan kowane sashe a ledarsu da rubutu. Ka kankare, a yi walda, ka shafa jan fenti mai hana tsatsa. Daga nan sifirin, aksul, sitiyari, birki. Nan matasa ke ɓata, kowa ɗokin jin kukan injin yake. Injin zai jira: cire fulogi, zuba ɗan man dizal a ramukan, bar shi kwanaki, ka gwada juya shi da hannu. Birki kuwa babu tsimi, duk roba da bututun mai sabo za ka sa. Kuma kada ka shiga ƙarƙashi alhali jak kaɗai ke riƙe da ita, sai ka tokare da kututture.

Kayan gyara ka fara da Ƙofar Ruwa a Kano, in ba a dace ba ka leƙa Panteka a Kaduna. Ka riƙa tafiya da tsohon abin a hannunka, domin samfurin Series II da na III sun yi kama amma ba komai nasu ke shiga juna ba. Bodi shi ne zai fi wahalar samu, saboda haka ka sa cigiyarsa tun yanzu wajen 'yan gwangwan ɗin nan da suka taya. Su ne suka san gidan da wata irinta take kwance. Ka kuma roƙi maigidanka na gareji ya je Kibiya ya ga shasin da idonsa kafin ka ɗauko motar da za ta jawo shi.